Kurakuran da aka fi yi wajen noman harawa da ciyawar kiwo masu ƙullutu a saiwa

Kowane manomi ya san gonar da aka cire wake ko gyaɗa a bana, dawa ta fi yin kyau a cikinta baɗi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba tsiron kaɗai ke wannan aiki ba. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, wato sinadarin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya, amma babu tsiron da ke iya cin sa kai tsaye daga iska. Wasu ƙananan halittu ne na cikin ƙasa da ido ba ya gani, bakteriya da ake kira rizobiyam, ke shiga saiwar wake, gyaɗa, lablab ko sitailo (waɗannan biyun dangin wake ne da ake shukawa don ciyar da dabbobi), su sa ta fitar da 'yan ƙullutu, su zauna a ciki. Tsiro ya ba su sukari, su kuma su mayar masa da iska abinci. Tun a 1886 wasu masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da haka. Duk kurakuran da za mu kawo a nan tushensu ɗaya ne: ana kula da ganye, an manta da masu aikin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Babban kuskure shi ne rashin tonawa. Mutum zai yi shekara da shekaru yana shuka lablab don shanunsa, bai taɓa duba saiwa ba. Gani ya kori ji. Idan shuka ta kai mako huɗu zuwa shida, ko ta fara fure, zaɓi gindi huɗu ko biyar a sassa daban-daban na gonar. Kada ka fizga, domin ƙullutun zai tsinke ya zauna a ƙasa, ka ce babu. Sa fartanya ka ɗago gindin da ƙasarsa, ka tsoma a bokitin ruwa, ka girgiza a hankali har laka ta zube. Sai ka ciro ƙullutu ɗaya, ka tsaga da farce ko reza. Idan cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, aiki na tafiya. Wannan jan ɗan'uwan sinadarin da ke sa jininmu ja ne, aikinsa kuwa shi ne ya riƙe iskar oksijin ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, domin idan ta yi yawa tana lalata abin da bakteriyar ke aiki da shi. Idan cikin fari ne, ko dai ƙullutun bai nuna ba tukuna, ko kuwa bakteriyar da ta shiga cima-zaune ce. Idan kore ne ko ruwan ƙasa, ya gama nasa. Kuma yawa ba shi ne inganci ba: manya kaɗan masu ja a kusa da gindin saiwa sun fi farare rututu da suka warwatsu a ƙananan jijiyoyi. Na sitailo da na gyaɗa ƙanana ne tun asali, kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ka.

Wasu kuma sun tona, amma sun yi murna da abin da ya kamata ya tayar musu da hankali. Akwai wata tsutsa ƙarama ƙwarai da ke kumbura saiwa, masu lambun tumatir da kuɓewa sun san ɓarnarta, tana kuma kama wake da lablab, musamman a jigawa. Bambancewa ba wuya. Ƙullutun kirki a gefen saiwa yake manne, kana murza shi da ɗan yatsa zai fita. Na tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya ɓantaruwa sai ka karya ta, kuma ba ja a ciki. Idan shi ka gani, baɗi sa dawa ko gero a wurin.

Sai batun taki, inda aka fi asarar kuɗi. Mako biyu zuwa uku bayan tsira, wake ko lablab yakan ɗan yi ɗorawa-ɗorawa, saboda abincin cikin ƙwayar iri ya ƙare, ƙullutu kuma bai kankama ba. Nan ne hankalin manomi ke tashi ya watsa yuriya. Ganye zai yi kore shar, ba shakka, amma an yi wa gonar illa. Ciyar da bakteriya yana cin ƙarfin tsiro, saboda haka da zarar ya sami naitirojin a banza sai ya rage fitar da ƙullutu, waɗanda ya fitar ma su yi sanyi. Wanda aka kawo wa tuwo har ɗaki, ai ba zai biya mai daka ba. Ga shi kuma idan haɗe yake da ciyawa irin gamba, ita ce za ta fi cin yuriyar, ta yi tsawo ta rufe shi.

Abin da waɗannan tsirrai ke nema a ƙasarmu shi ne fosfaras, wanda yawancin gonakin arewacin Najeriya da kudancin Nijar ke da ƙarancinsa. Takin supa shi ne nasu, ga shi yana ɗauke da farar wuta da sinadarin kalsiyam, dukansu kuwa ƙullutu na bukata. A sa shi lokacin shuka, a gefen rami, ba a kan iri ba. Idan ƙasar ta gaji ƙwarai, ɗan takin kamfa kaɗan a farko ba laifi, ya riƙe shukar kafin ƙullutu ya fara aiki. A ganina, mai buhu ɗaya da zai iya saye, ya kai yuriya gonar masara, ya kawo supa gonar harawa.

Akwai kuma zaton cewa duk mai kwanso irin na wake yana gyara ƙasa. Tafasa, rai-ɗore da kalgo dangin wake ne, amma ba sa yin ƙullutu. Gawo da bagaruwa suna yi.

Garin bakteriya da ake shafa wa iri kafin shuka yana da nasa kurakuran ta fuska biyu. Wasu suna saye inda ba a bukata: wake, gyaɗa da lablab galibi suna samun abokan zamansu a ƙasarmu ba tare da an ƙara komai ba. Waken suya kuwa, da bishiyar lusina da ake shukawa don ganyenta, suna da zaɓe, musamman a gonar da ba a taɓa shuka su ba. Garin Nodumax da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke yi, na waken suya ne, ba a shafa wa lablab a ce an yi magani. Wasu kuma sun sayi wanda ya dace, suka kashe shi da hannunsu. Abu ne mai rai. Fakitin da ya wuni a rana a kan teburin kasuwa, ko a cikin mota rufe, gawa ka saya. Duba ranar ƙarewar aikinsa, ka ajiye shi wuri mai sanyi, ko da gindin randa ne. Ranar shuka a jiƙa iri sama-sama da ruwan ƙaro ko na sukari, a barbaɗa garin, a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a shanya a inuwa, a shuka ranar a ƙasa mai laima. Kada a cuɗa shi da taki a kwano ɗaya. Kada kuma a shafa a bari sai jibi.

Wurin da ruwa ke kwanciya ba ya yi wa yawancin waɗannan tsirrai, domin ƙullutu na bukatar iska; a yi kunya mai tudu. Irin sitailo kuma ɓawonsa tauri gare shi, sai an jiƙa shi na 'yan mintoci a ruwan zafi da aka sauke daga wuta kafin ya tsira da kyau.

Kuskure na ƙarshe ya fi shafar makiyaya da masu sayar da harawa. Mafi yawan naitirojin da aka kamo yana tafiya ne cikin ganye da ƙwaya, ba a saiwa yake zama ba. Idan ka tumɓuke gyaɗa, ka ɗaure harawa ka kai kasuwa, abin da ka bar wa gonar kaɗan ne. Gyaran ƙasa na gaske yana zuwa ne idan dabbar da ta ci harawar kashinta ya koma gonar, ko aka yanke lablab aka bar saiwa da ganyen da ya zuba.

An ga wannan a fili a shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken dabbobi ta ILCA, daga ofishinta na Kaduna, ta yi aiki da Fulani mazauna a yankin Kachia. An riƙa killace fili kimanin hekta huɗu kusa da ruga, a kwantar da shanu a ciki su tattake ƙasa, a watsa irin sitailo da takin supa, a ajiye shi don rani. Shanu sun amfana, masarar da aka shuka a bayan sitailo ma ta fi wadda aka shuka inda ba a sa shi ba. Amma sai ga wata matsala: yadda sitailo ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, haka ciyawa ke samun abinci ta taso ta danne shi. Maganin shi ne a saki shanu a farkon damina su cinye ciyawar tun tana ɗanya, lokacin da suka fi son ta a kan sitailo, sannan a fitar da su a rufe. Bayan 'yan shekaru kuma a noma sashen filin da masara ko dawa, su kwashe rarar naitirojin.

Ta ɗaya gefen, barin dabbobi su gwaguye sitailo har ƙasa yana damina shi ma ɓarna ce. Ganye ne ke yin sukarin da ƙullutu ke ci. Idan aka aske shi, cikin kwanaki kaɗan aikin zai tsaya, ƙullutun ya fara zubewa. A bar masa kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a kuma bar shi ya zubar da iri kafin a buɗe wa garke da kaka.