Yadda ake zaɓen allo mai araha don koyon hawa igiyar ruwa da lemar iska

A wasan da babbar lema mai shawagi a iska ke jan mutum a kan ruwa, wanda ya iya tafiya da allon nan mai kai biyu, wanda ake gaba da baya da shi ba tare da juyawa ba, idan ya so shiga igiyar ruwa sai ya koma allo mai hanci da wutsiya. Allonka na farko irin wannan wahala zai sha: zai bugu da yashi, zai kuɓuce maka, diddigenka zai yi ta dukansa. Don haka kada ka zuba kuɗi a sabo fil.

Fara da duba yadda aka ƙera shi, domin nan ne masu neman araha ke yin asara. Allon masu hawa igiyar ruwa da hannu, wanda aka lulluɓe soson cikinsa da siririn rufin foliyesta (wani irin ƙaro mai daskarewa ya yi tauri), ba a yi shi don ƙarfin lema ba. Lema tana janka da gudu a kan ruwa mai gargada, ƙafarka tana danna wuri ɗaya, kafin wani lokaci sai ka ga rami a inda diddige ke zama, idan kuma ka fara tsalle yana iya karyewa biyu. Nemi mai rufin ifoksi, wani irin ƙaro da ya fi foliyesta ƙarfi, musamman wanda aka ƙara masa shimfiɗar katako ko gora a sama. Ya ɗan fi nauyi, amma ga mai koyo nauyin alheri ne, don iska ba ta saurin fizge allon daga ƙafarsa.

Na biyu, girma. Ga mutum mai matsakaicin nauyi, tsawon ƙafa 5 da inci 6 zuwa ƙafa 6 ya wadatar, faɗi wajen inci 18 zuwa 20, girman jikinsa gaba ɗaya kuma lita 24 zuwa 30. Ni faɗi na fi kulawa da shi a kan tsawo. Abin da zai fi ba ka wuya shi ne sauya ƙafa lokacin juyawa, kuma allo mai faɗi yana tsayawa daram har ka gama sauyawar.

Daga nan kwantar da allon a ƙasa ka dube shi ta gefe. Idan hanci da wutsiya sun ɗaga sosai, an yi shi ne don manyan igiyoyi masu tsini, zai kuma wahalar da kai a iska mai rauni. Mai ɗan miƙaƙƙen ciki ya fi saurin tashi, ya fi sauƙin tunkarar iska.

Fikafikan da ke ƙarƙashin wutsiya, masu riƙe allon a ruwa, kuwa, uku sun isa. Tabbatar dai ramukansu na FCS ne ko Futures, wato samfuran da suka fi yawa a kasuwa, saboda idan ɗaya ya karye ka samu madadi.

Yanzu sai binciken allon na hannu, kuma kada ka yi shi a gurguje. Bi saman allon da babban yatsa kana dannawa, musamman inda ƙafar gaba ke zama. Idan wuri ya loma kamar soso ko ya yi ƙara ƙas-ƙas, rufin ya rabu da cikin ke nan, ka bar shi komai araharsa. Kama kowane fiffike ka girgiza. Motsi ko tsaga a gindinsa gyara ne mai cin kuɗi. Ɗaga allon ka ji nauyinsa, domin wanda ya sha ruwa yana yin nauyi fiye da kima, wani lokaci har da tabo rawaya kusa da tsagar. Ƙarzuwa da ɗan gyara mai kyau a gefe ba komai ba ne, sai ma su zame maka hujjar neman ragi.

Batun maɗaurin ƙafa ana ta gardama a kai. Shawarata ka sayi allo mai ramukan sukurun maɗauri, ko da niyyarka ka hau babu su, don ranar da ruwa ya yi hauka ka samu zaɓi. Idan babu tabarmar roba a gaba, manna ɗaya. Tana hana santsi, tana kuma rage wa allon dukan diddige.

Igiyar da ke ɗaure allo da ƙafa tana da haɗari a wannan wasa, domin idan lema ta fizge ka, igiyar takan miƙe ta harbo allon kanka. Ka koyi jan jikinka da lema ka koma wajen allonka, kuma daga rarar kuɗin da ta rage maka ka sayi hular kwano.