Yadda za a tafiyar da ofishin yaɗa labarai na jami'a a Kaduna cikin ƙarancin kuɗi

Duk wanda aka ɗora wa nauyin ofishin yaɗa labarai na jami'a, abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya tsayar da kafa guda wadda ɗalibai da iyaye da 'yan jarida za su san cewa daga nan maganar hukuma take fitowa. Shafin jami'a na intanet ne ya fi cancanta, domin shi kaɗai ne mallakinta, su kuwa Facebook da X da WhatsApp gidajen haya ne. An ga haka lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, wato X ta yanzu, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Saboda haka a fara sanya kowace sanarwa a shafin, da kwanan wata da sunan ofishin da ya fitar da ita, kafin a rarraba ta sauran wurare.

Babban abin da ke cin lokacin ofishin a yau shi ne jita-jita. Takardar bogi mai tambarin jami'a, wadda ke cewa an ƙara kuɗin makaranta ko an ɗage jarrabawa, tana iya zagaye dukkan zaurukan WhatsApp na ɗalibai tsakanin Magariba da Isha'i, kuma wanda ya yi aiki lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022 ya san yawan ranakun komawa na ƙarya da aka yaɗa. Maganin wannan ba na kuɗi ba ne. A zauna da shugaban jami'a da magatakarda tun kafin matsala ta taso, a amince a rubuce kan wanda zai sa hannu a martani idan su biyun ba sa nan, domin martanin da ya kwana uku a kan tebur bai da sauran amfani. Sannan a haɗa wakilan azuzuwa da shugabannin ƙungiyar ɗalibai a zaure ɗaya da ofishin ne kaɗai ke aika saƙo a ciki. A lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai kuma a riƙa nanata cewa ta CAPS, wato tsarin ɗaukar ɗalibai ta intanet na hukumar JAMB, ake samun gurbi, ba ta hannun wani dillali ba.

Batun bambancin jama'a yana buƙatar natsuwa ta musamman a jiharmu. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da haraba a cikin Kaduna da kuma Kafanchan, a aji guda kuwa za a tarar da Bahaushe da Bafulatani da Bagwari da ɗan Bajju da ɗan Atyap da 'yan kudancin ƙasar nan. Kowa yana lura da abin da ofishin ya yi. Idan an fitar da gaisuwar Sallah, to ta Kirsimeti ma ta fito da irin wannan kulawa. Kada a sa taro lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi. Hotunan da ake wallafawa kuma kada su zama na haraba ɗaya kullum. A ganina, duk sanarwar da ta shafi kuɗi ko tsaro ya wajaba ta fito da Turanci da Hausa, a kuma kai ta gidan rediyo irin su Rediyon Tarayya na Kaduna ko KSMC, saboda uban da ke biyan kuɗin makaranta daga Giwa ko Kachia ta rediyo ake samunsa. Kada a manta da ɗalibai makafi, waɗanda manhajar karatunsu ba ta karanta sanarwar da aka ɗauki hotonta, sai an rubuta ta. Kurame kuma suna buƙatar rubutu a ƙasan bidiyo.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin ɗab'i da na man janareta suka haura, kason ofishin kuwa bai cika bin sahu ba. A rage buga mujalla mai ƙyalli da kalanda, a karkatar da kuɗin ga waya mai kyamara mai kyau, da makirfo, da data, da ƙaramin sola. Ɗaliban sashen aikin jarida za su iya ɗaukar hoto da rahoto, muddin ana ba su ɗan alawus kuma ma'aikaci yana duba aikinsu. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa wajen tsara daftari, amma Hausarsu sai an bi ta layi-layi, kuma kada a zuba musu sunaye da sakamakon ɗalibai, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan jami'a ita ma.

Dukkan shafukan a buɗe su da imel ɗin ofis, a kuma sauya kalmar sirri duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki. A ƙarshen kowane wata a rubuta shafi guda da ke nuna sanarwa nawa aka fitar, jita-jita nawa aka ƙaryata kuma cikin awa nawa, domin shi za a ɗora a gaban kwamitin kasafi idan lokacin neman ƙari ya zo.