Darasi na Shida: Waken Suya da Tunkuza a Abincin Tarwaɗa

Tarwaɗa kifi ce mai son nama, saboda haka abincinta yana buƙatar sinadarin gina jiki, wato furotin, kimanin kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari. Ma'anar wannan ita ce, idan kuka auna abinci kilo 100, to kilo 35 zuwa 40 a cikinsa furotin ne. Garin busasshen kifi yana da wannan sinadari da yawa, amma yana da tsada, shi ya sa masu kiwo suke rage shi su cike da garin waken suya, ko tunkuzar gyaɗa, ko ta angurya. Tunkuza ita ce abin da ya rage bayan an matse mai.

Mataki na farko: a dafa waken

Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da yake hana cikin kifi narkar da furotin, kuma zafin wuta ne yake kashe shi. Idan ba a dafa ba, kifi zai ci ya ƙoshi, amma wata zai wuce bai ƙara nauyin kirki ba.

Ku tsince tsakuwa, ku wanke waken, ku zuba shi cikin tafasasshen ruwa. Da zarar an zuba, tafasar za ta tsaya. Ku jira ta dawo, sannan ku fara ƙirga minti 30. Wanda bai iya duba agogo ba tukuna, kada ya ji kunya, ya sa wani ya tsaya kusa da shi, da sannu zai iya. Na sake faɗa, daga dawowar tafasa ake ƙirgawa, ba daga ɗora tukunya ba. Mai son soyawa ya soya a kasko ba tare da mai ba, yana juyawa har waken ya yi ja kaɗan, amma kada ya ƙone, domin ƙonewa tana lalata amfaninsa.

Daga nan ku fasa ƙwaya ɗaya ku tauna. Idan kuka ji gafi, bai dahu ba, ku mayar da shi wuta.

Kowace shekara sai na samu ɗalibin da ya jiƙa wake kwana ɗaya ya ce ai ya yi laushi. Jiƙawa ba dafawa ba ce, shanya a rana ma ba dafawa ba ce. Wanda ya tsallake wannan mataki don ƙyashin itace, kada ya zo yana kuka da irin kifin da ya saya, gaggawarsa ce ta cuce shi. A dafa, a shanya ya bushe ƙayau, sannan a niƙa.

Mataki na biyu: a duba tunkuza

Tunkuzar gyaɗa da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar guba mai suna afalatoksin, wadda take lalata hantar kifi, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ku zubar kawai. Ita kuwa ta angurya tana da tata gubar, saboda haka kaɗan ake sawa.

Mataki na uku: haɗawa

Kada ku cire garin kifi gaba ɗaya. Ku riƙa rage shi a hankali, kada ragin ya wuce rabi, kuma ban da abincin ƙananan 'ya'yan kifi.

Mataki na huɗu: ciyarwa

Ku ba su safe da yamma, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 15.