Yadda ake tantance labarin rushe gidajen Falasɗinawa kafin a watsa shi

A nan Tawa da wuya mako ya wuce ba a turo wa mutum bidiyon katafila tana ture bangon wani gida a Falasɗinu ba, kuma sau da yawa a fada ake fara kallonsa kafin shayi ya nuna. Wannan bayani na mai shiri a gidan rediyo ne, da malamin da zai taɓo zancen a wurin karatu, da duk wanda ke son ya tura labari da hujjarsa.

A fara da neman sunan wurin, domin ɓarin wuta a Gaza dabam, rusau da takardar hukuma a Yammacin Kogin Jordan dabam. Yarjejeniyar Oslo ta 1995, tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, ta kasa Yammacin Kogin gida uku, wato A da B da C, kuma yankin C, wanda ya kai kusan kashi 60 cikin 100, Isra'ila ce ke riƙe da tsaronsa da tsarin gine-ginensa; a cikinsa ne matsugunan ƴan kama-wuri-zauna ke faɗaɗa. Gabashin Ƙudus kuwa Isra'ila ta mamaye shi a 1967 ta haɗe shi da ƙasarta, abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta amince da shi ba.

Daga nan sai a binciko dalilin da aka kafa, kuma nan ne aikin yake. Mafi yawan lokaci hukumomin Isra'ila cewa suke an yi gini babu izini. Mai sauraro na iya ɗauka irin rushe rumfunan bakin titi ne da magajin gari kan yi a Yamai, saboda haka wajibi ne a ƙara masa cewa a yankin C hukumar da ke ƙarƙashin soja ce ke ba da izinin, kuma da ƙyar Bafalasɗine ke samunsa, ko da iyalinsa sun ƙaru ɗaki ya yi musu kaɗan. A Gabashin Ƙudus har mai gida kan rushe gidansa da hannunsa don gudun tara da kuɗin aikin katafila, don haka idan aka ga mutum da guduma a kan rufinsa kada a yi gaggawar cewa bidiyon bogi ne.

Akwai rusau na horo, inda ake rushe gidan iyalin wanda ake zargi da kai hari, bisa dokar ta-ɓaci ta 1945 da aka gada daga Turawan Ingila. Akwai kora da sunan filin atisayen soja, kamar a Masafer Yatta kudu da Hebron, inda Kotun Ƙolin Isra'ila ta buɗe hanyar tayar da mutane sama da dubu a watan Mayun 2022. Na unguwannin Sheikh Jarrah da Silwan a Gabashin Ƙudus kuma shari'ar mallaka ce: wata doka ta 1970 ta ba Yahudawa damar neman kadarorin da suka mallaka a Gabashin Ƙudus kafin 1948, alhali Falasɗinawan da suka rasa nasu a yaƙin 1948 ba su da irin wannan dama. A ganina, wanda bai faɗi wannan bambanci ba bai ba da labarin Sheikh Jarrah ba.

Tantance kwanan wata ba ya ɗaukar lokaci. A ɗauki hoto daga bidiyon a sa a Google Lens, manhajar binciken hoto, domin tsofaffin hotunan 2021 kan dawo da sabon rubutu.

Alƙaluma kuma a nemo su wurin OCHA, ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke lissafin rusau tun 2009, a gwada da na B'Tselem, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Isra'ila. A kula cewa lissafin gine-gine ya haɗa da tantuna da garken dabbobi da tankunan ruwa, kada a fassara su duka da gidaje, ko da yake makiyayin Azawak ya san abin da rasa ruwa ke nufi. Haka nan a raba hukunci da zartarwa: an amince da rushe ƙauyen Khan al-Ahmar tun 2018, aka yi shekaru ana ɗagewa.

Idan za a ce abin ya saɓa wa doka, a faɗi wace doka. Yarjejeniyar Janiba ta huɗu ta 1949 ta hana mai mamaya korar mazauna ko kwaso nasa mutanen, ƙuduri na 2334 na Kwamitin Sulhu a Disamban 2016, wanda Senegal na cikin ƙasashen da suka gabatar, ya ce matsugunan ba su da halacci, sannan Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da ra'ayi a Yulin 2024 cewa mamayar kanta haramtacciya ce. Isra'ila ta ƙi yarda da waɗannan, kuma a ambaci hakan a cikin rahoton, tare da sunan ƙauyen da ranar da aka yi rusau.