Yadda ake rubuta labarin wanda aka ɗaure ba da haƙƙinsa ba

Marubutanmu, don Allah a daina kwaso ɗakin gwaji na fim ɗin Amurka ana dasawa a Gusau, an kashe mutum da asuba wai kafin azahar sakamakon DNA ya fito. A ina? Cibiyar DNA ta gwamnatin Legas ma sai 2017 aka buɗe ta.

Fara da abin da kowa ya sani. Kafin 'yan sanda su iso jama'a sun tattake wurin, wani ya ɗauki wuƙar yana jujjuyawa, an wanke jinin, dangi sun ce ba mai tsaga musu gawa, kafin la'asar an kai mamaci makwancinsa. To da me za a kama mutum? Sai wanda aka ji suna cacar baki jiya a kasuwa.

Nan za ka zauna sosai. Nuna yadda aka samo sitatimen ɗinsa a caji ofis, da Turanci aka rubuta shi kuma ko ƙaramar boko bai yi ba, ya kwana uku ba barci, ya dangwala yatsa kawai don a ƙyale shi. Ka san dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta wannan, don lauyansa zai buƙace ta. Kuma kar ka mai da ɗan sandan shaiɗan, mutum ne da oga ya matsa wa lamba, ba man mota, gari kuma na jiran a nuna masa mai laifi.

Matakan kotu kar ka dagula su: majistare ya tura shi gidan yari, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a neman shawara, shi yana can jiran shari'a shekaru, sannan babbar kotu. Ɗaukaka ƙara daga Zamfara ko Kebbi Sakkwato ake zuwa.

Hujjar da za ta wanke shi kuwa ƙarama ce, kuma tun babi na biyu ka ajiye ta inda mai karatu zai wuce bai kula ba, misali rasit ɗin POS da ya nuna yana Ƙauran Namoda a daidai lokacin, ko katin asibiti da ya ce hannun damansa a karye yake. Ban da mafarki, ban da mai laifi ya zo da kansa yana kuka, wannan ragwanci ne wallahi.