Fargabar tsufa a ƙasar wani da abin da sabon zuwa zai fara shiryawa

Mutumin da ya sauka a baƙuwar ƙasa yana da shekara talatin ko arba'in, hankalinsa yana kan aiki da wurin kwana da makarantar yara, ba ya kawo maganar ritaya a ransa. Amma idan aka zauna da waɗanda suka riga shi zuwa da shekara ashirin, za a ji damuwarsu ta koma wani wuri dabam: wa zai kula da ni idan ƙarfi ya ƙare, nawa ne fanshona, kuma idan na koma gida kuɗin zai bi ni ko ba zai bi ni ba? Wannan fargaba tana da tushe, ba na kuma ganin ya dace a rufe ta da cewa Allah na nan kawai, domin dogaro ga Allah bai hana ɗaure raƙumi ba. Abin da nake so sabon zuwa ya gane shi ne mafi yawan abubuwan da ke tayar wa dattawanmu hankali an yanke su ne tun a shekarun farko na zamansu, a lokacin da ba su san ana yanke wani abu ba.

Babban abin da ke cutar da mutanenmu shi ne kalmar nan ta "ai ba daɗewa zan yi ba". Mutum yakan zo da niyyar shekara biyar, ya tara abin da zai tara ya juya, don haka ba ya shiga tsarin fansho, ba ya neman takardar zama ta dindindin, ba ya adana takardun aikinsa. Shekara biyar ta zama goma sha biyar, yara sun girma a makarantun ƙasar, komawa ta yi wuya, shi kuwa bai shirya wa zama ba, bai kuma shirya wa tafiya ba. Shawarata ita ce ku yi shiri kamar za ku tsufa a inda kuke, ku kuma bar ƙofar komawa a buɗe, domin babu wanda ya san wacce daga ciki zai bi.

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, fanshon gwamnati lissafin shekaru ne, kuma ƙasashe da yawa suna da mafi ƙarancin adadin da idan ba a kai shi ba, ba a samun komai. A Birtaniya sai mutum ya cika shekara 10 a rajistar National Insurance, wato gudummawar da ake cirewa a albashi, kafin ya samu ko da wani ɓangare na fansho, cikakken kuwa yana bukatar shekara 35 a ƙarƙashin tsarin da ya fara aiki a watan Afrilun 2016. Shekarun fara karɓa 66 ne, ana ɗaga su zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. A Amurka hukumar fanshon gwamnati, wato Social Security, tana neman maki 40, ba a kuma samun fiye da maki huɗu a shekara, wato aikin shekara goma ke nan wanda aka biya masa haraji. Wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama zai karɓi cikakken haƙƙinsa ne a shekara 67. Yana iya farawa tun yana 62, amma za a rage masa kusan kashi 30 cikin ɗari har ƙarshen rayuwarsa. Jamus tana neman shekara biyar ta biyan gudummawa. Duk wanda ya iso yana da shekara arba'in da biyar ya zauna ya yi wannan lissafi da kansa, zai ga cewa cikakken fanshon Birtaniya ba zai same shi ba, kuma gara ya san haka yau da ya ji shi a ranar da ya ajiye aiki.

Daga nan ne ake gane illar aikin da ake biya hannu da hannu ba tare da takarda ba. Kuɗin yakan fi yawa a aljihu tunda ba a cire haraji, amma shekarar da aka yi a irin wannan aiki ba ta shiga lissafin kowa, kamar ba a yi ta ba. Mata su ne suka fi shiga wannan matsala, musamman waɗanda suka zauna renon yara, alhali a Birtaniya wadda ta yi rajistar tallafin yaro da sunanta ana rubuta mata shekarun a lissafin fansho muddin yaron bai kai shekara 12 ba. Maigida ya tabbatar an yi rajistar da sunan wanda ba ya aiki a cikinsu. Ana kuma iya biyan kuɗi a cike giɓin shekaru shida da suka wuce, idan an farga da wuri.

Akwai kuma fanshon wurin aiki, wanda tun 2012 doka ta fara wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata a Birtaniya su sa ma'aikatansu ciki kai tsaye. Mafi ƙarancin abin da ake zubawa kashi 8 ne cikin ɗari na wani ɓangare na albashi, aƙalla kashi 3 daga aljihun wanda ya ɗauki ma'aikacin. Wasu 'yan'uwa suna ficewa saboda tsoron riba, kuma na girmama wannan tsoro, sai dai kafin mutum ya fice ya tambaya ko akwai asusun da ake juyawa bisa ƙa'idar shari'a, domin tsare-tsare da dama suna da shi, har da Nest wanda gwamnati ta kafa. Wanda ya fice ya bar wa wanda ya ɗauke shi aiki kuɗin da haƙƙinsa ne.

Halin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf dabam ne, kuma a ganina can ne fargabar ta fi cancanta. Baƙon ma'aikaci a Saudiyya ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ya cikin fanshon gwamnati, abin da yake samu shi ne kuɗin sallama a dunƙule. A Saudiyya ana lissafa rabin albashin wata ga kowace shekara a biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan haka, kuma wanda ya ajiye aiki da kansa kafin ya cika shekara goma ba ya samun duka: sulusi ne tsakanin shekara biyu da biyar, kashi biyu cikin uku tsakanin biyar da goma. A Daular Larabawa albashin kwana 21 ne a kowace shekara ta biyar ɗin farko, kwana 30 bayan nan, jimillar kuma ba ta wuce albashin shekara biyu. Iƙama tana rataye ne da aiki da kafili, don haka ranar da aiki ya ƙare, izinin zama ma ya kama hanyar ƙarewa, ko da mutum ya yi shekara talatin a garin kuma a can aka haifi dukan 'ya'yansa. Akwai bizar masu ritaya da izinin zama na musamman, amma sharuɗɗansu na masu dukiya ne. Wanda yake can ya ɗauki kansa a matsayin hukumar fanshon kansa tun daga albashin farko, ya ware abin da ba ya taɓawa, kada kuma ya bari kuɗin sallama ya zama shi kaɗai ne abin dogaro, domin kuɗin da ya zo a dunƙule a gaban masu bukata da yawa ba ya daɗewa.

Tambayar ko fansho zai bi mutum idan ya bar ƙasar tana da amsoshi mabambanta. Birtaniya tana biyan fanshonta ko'ina a duniya, amma ƙarin da ake yi kowace shekara ba ya isa ga mazauna ƙasashen da ba ta da yarjejeniyar yin ƙarin da su, irin su Kanada da Ostireliya da mafi yawan ƙasashen Afirka. Adadin da mutum ya fita da shi, a kansa zai tsaya, tsadar rayuwa kuwa tana tafiya. Amurka tana aika wa ɗan ƙasarta kuɗinsa kusan duk inda yake, amma wanda ba ɗan ƙasa ba ana iya dakatar da nasa bayan ya yi wata shida a jere a waje, sai idan ƙasarsa tana cikin waɗanda aka keɓe. A Kanada fanshon tsufa na gwamnati yana bukatar zaman shekara 10 bayan cika shekara 18 ga wanda ke cikin ƙasar, amma shekara 20 ga wanda yake so a ci gaba da biyansa a waje. Hukumomin fansho sukan kuma aiko da takardar tabbatar da cewa mai karɓa yana raye, kuma idan ba a mayar da ita a kan lokaci ba sai a tsayar da biya, don haka canjin adireshi ba ƙaramin abu ba ne.

Takardar zama ta dindindin ma tana iya mutuwa, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Ta Birtaniya tana faɗuwa idan aka yi fiye da shekara biyu a jere a waje. Mai girin kad na Amurka da ya wuce shekara guda a waje ba tare da izinin sake shiga ba ana iya ɗauka ya yi watsi da zamansa. Ta Jamus a bisa ƙa'ida wata shida ne, ko da yake akwai sassauci ga wanda ya yi shekara 15 a ƙasar kuma yana da abin riƙe kansa. Dattijon da ya koma gida don ya gwada zama, ciwo ya kama shi bayan shekara uku, zai iya tarar da cewa sai ya nemi biza kafin ya je wurin 'ya'yansa. Saboda haka nake ganin wanda ya cancanci zama ɗan ƙasa, kuma dokar ƙasarsa ta asali ba ta hana riƙe fasfo biyu ba, bai kamata ya yi jinkiri ba. Jamus ma ta halatta hakan tun watan Yunin 2024. Ku kuma adana kowace takardar albashi da ta haraji da tsohon fasfo. Abin kunyar nan na Windrush da ya fito fili a 2018 ya nuna yadda baƙi, galibinsu daga tsibiran Karibiyan, da suka yi shekaru arba'in ko hamsin a Birtaniya bisa doka suka rasa aiki da magani, wasu ma aka kore su, saboda ba su da takardar da za su nuna.

Maganar lafiya ita ce ta fi hana dattawa barci. Asibitin gwamnati na Birtaniya kyauta ne ga mai zama na dindindin a ƙasar, kuma zama ake dubawa, ba fasfo ko harajin da aka biya a baya ba, don haka wanda ya ƙaura gaba ɗaya yana iya fuskantar biyan kuɗi idan ya dawo neman magani. Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, yana farawa a shekara 65, kuma kusan ba ya biyan komai a wajen ƙasar. Kula da tsoho na dogon lokaci, wato wanka da ciyarwa da ɗagawa, lissafinsa dabam ne da na asibiti: Medicare ba ya ɗaukar nauyinsa, a Ingila kuma wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi zai biya wa kansa gidan kula da tsofaffi. Jamus ta kafa inshorar dole don wannan tun 1995, amma ita ma wani ɓangare take biya.

Sai abin da kuɗi ba ya magancewa. Yaran da suka tashi a can suna son iyayensu, amma aiki yakan kai su garuruwa masu nisa, gidajensu ƙanana ne, mata da miji kuma duk suna fita aiki. Kada uba ko uwa su ɗauka cewa za a yi musu yadda suka yi wa nasu iyayen ba tare da an taɓa zama an yi maganar ba. A yi ta tun ana da lafiya, a fili, ba da gori ba. Likitoci sun san cewa mai ciwon mantuwa yakan rasa harshen da ya koya da girma ya koma na yarintarsa, kuma tsohon da ya koma jin Hausa kaɗai a hannun ma'aikatan da ba sa jin ta yana cikin kaɗaici mai tsanani. Wannan kaɗai ya isa dalilin koya wa yara harshen, da riƙe zumunci da jama'ar masallaci ko coci da ƙungiyoyin 'yan'uwa tun ana da ƙarfin ziyara. Shi ma mai niyyar komawa ya sani cewa garin da ya bari ya sauya, abokai sun ragu, don haka ya riƙa zuwa yana yin watanni kafin ya sayar da abin da ya mallaka.

Akwai takardu biyu da bai kamata a jira tsufa kafin a rubuta su ba: wasiyya, da takardar wakilci da ke ba wani amintacce ikon yanke shawara kan kuɗi da magani idan hankali ya gushe. Wanda ya rasu ba wasiyya, dokar ƙasar da yake zaune ce za ta raba dukiyarsa da ke can. A Ingila auren da aka ɗaura a cikin ƙasar, a gidan wani ko a masallacin da ba shi da rajista, ba a kuma je an yi na hukuma ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba, kuma matar tana iya rasa gado kai tsaye, saboda haka ma'aurata su binciki matsayin aurensu tun yanzu. A cikin wasiyyar a faɗi inda ake so a binne mutum, domin kabari a can saye ake yi, ɗaukar gawa a jirgi kuma yana da tsada da takardu masu yawa. Masallatai da ƙungiyoyi da dama suna da asusun jana'iza da ake zuba ɗan kuɗi kowane wata ko kowace shekara, kuma sabon zuwa yana iya tambayar yadda ake shiga tun a watanninsa na farko.