Yadda za ka zaɓi kyamara da lens idan kuɗinka ba su da yawa

Abin da na fi gani wajen masu fara ɗaukar hoto shi ne mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya je ya zuba su duka a jikin kyamara, lens kuma sai da canjin da ya rage. Bayan kwana biyu sai ka ji yana cewa wai wayarsa ta fi kyamarar fitar da hoto. To ba laifin kyamarar ba ne.

Da farko tun kafin ka fara duba kaya ka raba kuɗin gida biyu, rabi na jiki, rabi na lens da batir da memori. Wannan ni ba na sassauci a kansa.

Na biyu, ka daina bin megafiksel. Nikon D3300 da Sony a6000 duk a 2014 suka fito kuma kowacce 24 gare ta, Canon 600D ta 2011 tana da 18, babu wadda za ta ba ka kunya a cikinsu. Abin da ya sa suka fi waya shi ne girman sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, irin tasu ita ake kira APS-C. Don haka ka nemi ta hannu mai lafiya, sai dai ka tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin irin waɗannan ƙananan galibi an ƙera su ne su kai wajen 100,000, idan ta kusa can ka bar ta komai kyanta. Mai madubi a ciki wato DSLR ta fi arha kuma batirinta ya fi jimawa, mara madubi ta fi sauƙin ɗauka, ni dai ga mai ƙaramin ƙarfi DSLR nake cewa.

Na uku shi ne inda mutane ke faɗuwa, bakin da lens ke shiga. Kowane kamfani da nasa, Canon EF da RF, Nikon F da Z, Sony E, kuma ko a kamfani ɗaya ba kowane lens ne zai yi maka aiki ba. Ƙanena ya sayi D3300 ya kuma samo 50mm f/1.8D da arha yana ta murna, lens ya shiga daram, ya danna don ya yi fokas shiru, ya sake dannawa shiru. Dalili shi ne shi wannan mai harafin D ba shi da injin fokas a cikinsa, da na jikin kyamara yake dogara, su kuma jerin D3000 da D5000 ba su da shi, sai dai ka riƙa murzawa da hannu. Yaro na gudu ta ina za ka kama shi? Wanda ya kamata ya saya shi ne mai AF-S, mai injin fokas a cikinsa, wato f/1.8G. Na ji masa zafi sosai don sai da ya sayar a kan asara. A Canon kuma lens mai EF-S ba ya hawa manyan kyamarori masu cikakkiyar sensa, wato wadda ta fi APS-C girma, ka san da wannan idan kana da burin canzawa gaba. Kar ka biya sai ka ɗora shi a kan kyamararka ka ga ya kama fokas da idonka.

Sai wane lens. Ɗan 18-55mm da ake haɗowa da kyamara ka riƙe shi, da rana yana yi, amma idan ka ja shi zuwa 55 buɗewarsa f/5.6 ce, ita kuwa lambar f idan ta yi girma hasken da ke shiga raguwa yake, shi ya sa hoton cikin ɗaki ke fitowa da duhu ko ya yi dishi-dishi. Mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na wannan, kuma shi ke narkar da bayan mutum fuska ta fito fes. Amma fa 50mm a kan APS-C kamar 75mm yake a Nikon, 80mm a Canon, wato yana ƙara matso da abu kusa, a ƙaramin ɗaki za ka yi ta ja da baya har ka jingina da bango mutum uku ba su shiga ba. Idan hoton fuska kake so 50mm, idan na yau da kullum ne 35mm f/1.8 a Nikon ko 24mm f/2.8 a Canon. Doguwar zum ta 300mm ka bari tukuna, yawanci a jaka take ƙarewa.

Lens na hannu ka haska shi da tocila ta baya, 'yar ƙura ba komai, amma idan ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, ajiye musu. Ka murza zoben ka ji ba ya cijewa.

Sauran kuɗin batir na biyu da memori mai sauri guda biyu. Ƙafar kyamara da filasha ka jira sai ka yi wata uku kana ɗauka ka ga ko kana buƙatarsu.